Dillalan Gobe

Duk wanda ke zaune a garuruwanmu, ko Jos ne ko Kaduna ko Gombe ko Yola, ya san cewa da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, sai bangayen gidaje da turakun wutar lantarki su cika da takardun sanarwa masu ɗauke da hoton wani mutum cikin farar kwat, yatsa a sama, yana kiran jama'a su hallara daren 31 ga wata domin a bayyana musu abin da sabuwar shekara ta ƙunsa. Kuma da yake zamani ya yi tsanani, manomi ba shi da tabbacin zai je gona ya komo gida lafiya, mai albashi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 bai san ranar da kuɗinsa za su sake kai shi ƙarshen wata ba, saurayi ya gama bautar ƙasa takardunsa na kwance a ƙasan akwati, matar aure ta shekara goma tana jiran haihuwa har dangin miji sun fara yi mata habaici, sai ka ga mutane suna tururuwa har wuri ya zama babu masaka tsinke. Ni ban ga laifin waɗannan bayin Allah ba, domin wanda ciwo ya dama, duk inda ya ji labarin magani can zai nufa. Da waɗanda ke jiransu a bakin ƙofa nake, waɗanda na laƙaba wa suna dillalan gobe, domin hajar da suke talla ke nan, alhali ba su mallake ta ba, Mai ita kuma bai wakilta su ba.

Kun san yadda cinikin ke tafiya. A tsakiyar addu'a sai mutumin ya rufe ido, ya ce Ubangiji ya nuna masa wata mata a nan wadda damuwa ta hana ta barci, kamar dai akwai wata mata a ƙasar nan da damuwa ba ta taɓa hana ta barci ba. Daga nan sai a yanka mata wa'adi, a ce kafin wata uku za ta ba da shaida, da sharaɗin ta shuka iri gwargwadon girman bukatarta, ta sayi 'yar kwalbar man zaitun da ruwan da aka yi wa addu'a. In wata uku suka cika ba a ga kome ba, dillalin gobe ba ya taɓa yin asara, domin amsa biyu na nan a aljihunsa: ko dai ya ce bangaskiyarta ce ta yi ƙaranci, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ce akwai wata tsohuwa a danginsu da ta tsare mata hanya. Ta haka matar da ta zo da damuwa ɗaya takan koma gida da uku, ga rashin haihuwa, ga bashi, ga gaba da gwaggonta wadda ta goya ta tana jaririya. Da a ce a ɗakin boka aka yi wannan, da tuni mun kira shi da sunansa. Amma saboda an ɗora Littafi Mai Tsarki a kan tebur, sai harshenmu ya yi nauyi.

Wannan sana'a kuwa tsohuwa ce, kuma wanda ya buɗe sura ta 28 ta littafin Annabi Irmiya zai tarar da kakan dillalan gobe tsaye a cikin Haikali. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya, bayan da Nebukadnezzar ya kwashi kayan Haikali da sarkin da ya gabaci Zadakiya da manyan mutanen Yahuza ya kai Babila, lokacin da kowane gida a Urushalima ke tambayar yaushe wannan musiba za ta yaye, sai wani Hananiya mutumin Gibeyon ya miƙe a gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya karya ikon sarkin Babila, kuma cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali da dukan kamammu. Shekara biyu, jama'a. Ya faɗi abin da kowace zuciya ke marmarin ji, ya kuma sa masa adadi, domin ya san cewa adadi shi ke sa ƙarya ta yi kama da wahayi. Irmiya, wanda ke yawo da karkiyar itace a wuyansa bisa umarnin Ubangiji, bai yi masa gardama da fushi ba, har ma ya yi fatan Allah ya sa hakan ta tabbata, sai dai ya tuna masa cewa annabin da ya yi bushara da salama, ranar da maganarsa ta cika ake sanin ko aiko shi aka yi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a idon jama'a, kuma ba sai an gaya mana wanda taron ya fi so a wannan rana ba. Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi ba tare da ya ce uffan ba, saboda a wannan sa'a ba a ba shi abin faɗa ba, shi kuwa ba ya cike gurbin shirun Ubangiji da maganar kansa. Sai da magana ta zo masa ya koma ya shaida wa Hananiya cewa an musanya karkiyar itace da ta ƙarfe. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai Hananiya ya mutu, kamammu kuwa suna Babila.

Wasiƙar da Irmiya ya aika musu tana cikin sura ta gaba, kuma a cikinta ne ake samun ayar nan ta 11, mai maganar nufin alheri da Allah ke da shi game da mutanensa, wadda muke liƙawa a gilashin mota da kalandar bango. Ina roƙon duk wanda ya liƙa ta ya daure ya karanta ayar da ke samanta, domin a can ne aka ambaci shekara 70. Ma'ana, akasarin dattawan da aka karanta wa wannan wasiƙa ba su sake ganin Urushalima da idonsu ba, kuma abin da aka umarce su da shi a tsawon wannan jira shi ne su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, har su yi masa addu'a. Babu dillalin goben da zai tara mutum goma da irin wannan wa'azi, domin babu abin sayarwa a cikinsa. Amma a cikinsa ne haƙiƙanin tawakkalin mai bi yake, wato ya bar wa Allah wa'adin da Allah ya riƙe, ya duƙufa ga umarnin da aka riga aka sanar da shi, wanda babu duhu a cikinsa ko kaɗan: ya faɗi gaskiya, ya biya bashi, ya riƙe amanar aure, ya ƙi cin hanci ko da albashi bai zo ba, ya gafarta wa wanda ya cuce shi. Mutum nawa ne ke kwana a filin addu'a suna neman a bayyana musu nufin Allah game da shekara mai zuwa, alhali nufin Allah game da bashin da maƙwabci ke binsu tun bara a rubuce yake?

Irmiya bai tsaya ga wasiƙa ba. A shekara ta goma ta Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye birni, shi kansa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tayin gona a Anatot. Kuma ko da yake duk mai hankali zai ce wannan ba lokacin sayen gona ba ne, ya auna azurfa shekel 17 ya biya, ya sa aka rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, ya danƙa ta ga magatakardansa Baruk ya ce a adana ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, sai bayan ya biya kuɗin ne ya shiga addu'a yana kai wa Ubangiji ruɗewarsa, yana nuna masa tudun da abokan gaba suka tara a jikin garu. Tambaya ba haramun ba ce ga mai bi, kuka ma ba haramun ba ne, Ubangijinmu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin ya miƙa wuya ga nufin Uba. Abin lura dai shi ne Irmiya bai jinginar da biyayyarsa a kan sai an ba shi amsa ba.

Kishiyarsa kuwa Sarki Saul ne, wanda Sama'ila ya ce ya jira kwana bakwai a Gilgal, amma da ya ga Filistiyawa sun taru, mutanensa suna sulalewa, sai ya miƙa hadaya da hannunsa, yana gamawa Sama'ila na isowa. Kuma wannan rashin jimirin ne ya kai shi a ƙarshen rayuwarsa, da ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, ya sake kama ya tafi da dare wurin mai duba a Endor, shi da ya kori masu duba daga ƙasar da bakinsa. Wanda bai iya zama da shirun Allah ba, wata rana sai ya biya kuɗi a yi masa magana, kuma dillalin gobe ya san haka, a kan haka ya kafa rumfarsa.

Tun da na ambaci kwana a filin addu'a, ku ba ni dama in sauke wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato lasifika. Don Allah, 'yan'uwa, wane nassi ne ya ce ba a amsa addu'a sai an kafa manyan akwatunan sauti suna fuskantar tagar maƙwabci tun daga ƙarfe goma na dare har kiran asalatu? A unguwar nan akwai mai jego da jaririnta, akwai tsoho mai hawan jini, akwai ɗalibi mai jarrabawa, akwai maƙwabcinmu Musulmi da zai tashi da asuba ya yi sallarsa ya fita nema. An umarce mu da ƙaunar maƙwabci, an kuma gargaɗe mu game da addu'ar da ake yi don mutane su gani, kuma annabawan Ba'al ne suka wuni suna kururuwa a Dutsen Karmel har Iliya ya yi musu ba'a, shi kuwa gajeriyar addu'a ya yi. Na san za a ce ai wasu ma suna yi. To, ba a aiko mu mu yi gasar amo da kowa ba. A rage sauti, a juya akwatunan ciki, ladan ba zai ragu ba.

In koma kan maganata. Ikilisiyar ƙasar nan ba a kan irin wannan ciniki aka kafa ta ba. A ƙarshen 1893 mutum uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara cikin yankin da a lokacin ake kira Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyun farko sun rasu, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, na ukun ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya mayar da shi, sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi, kuma daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Da dillalin gobe ne ya auna Gowans da Kent, da ya ce bangaskiyarsu ce ta yi ƙaranci. Ba ma sai mun je nesa ba: a 2014 'yan'uwanmu na EYN suka ga an sace 'ya'yansu mata a Chibok, suka ga hedkwatarsu ta Kwarhi ta faɗa hannun 'yan ta'adda har shugabanninsu suka yi gudun hijira zuwa Jos, aka ƙona majami'unsu masu yawa, duk da haka suka koma, suka yi sujada a ƙarƙashin rumfuna da inuwar itatuwa, suka sake ɗora bulo a kan toka, ba tare da wani ya ba su tabbacin ba za a sake ƙonawa ba. Akwai iyaye a cikinsu da har yau suke jira, shekara fiye da goma. Ina so in ga dillalin goben da zai iya duban idon irin wannan uwa ya ce ta shuka iri.

Amma fa mu ma dattawan ikilisiya da fastoci da shugabannin zumuntar mata muna da namu kason, domin mu muke gayyato su ranar babban taro saboda suna cika benci, suna kuma cika kwanon baiko, muna sane da cewa Elisha ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa da kuturta ya ƙare, Bitrus kuma ya tsawata wa Siman a Samariya sa'ad da ya fito da kuɗi yana neman sayen baiwar Allah. Muna kuma sane da cewa da almajirai suka tambayi Yesu Almasihu lokacin da za a mayar da mulki, ya nuna musu cewa sanin lokatai ba nasu ba ne, ya ba su aiki a maimakon kwanan wata. Abin da aka hana manzanni sani, shi ne wani ke rabawa a ambulan.

Ga shawarata, kuma ba ta bukatar ko kobo. Attaura, a sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a, ta riga ta ba mu ma'auni, cewa maganar da aka faɗa da sunan Ubangiji in ba ta cika ba, ba shi ya faɗe ta ba, kuma ba a jin tsoron mai faɗarta. Saboda haka kowace majami'a ta sayi littafin rubutu guda, ta danƙa wa magatakarda, duk baƙon da ya hau bagadi ya yanka wa wani wa'adi, a rubuta ranar da ya faɗa, da abin da ya faɗa, da wa'adin da ya sa, da abin da aka biya, shi kuma ya sa hannu a gaban shaidu biyu. In shekara ta zagayo a gayyato shi ya zauna a kujerar gaba, a karanta littafin layi bayan layi ranar Lahadin farko ta Janairu, kafin a zagaya da kwanon baiko. A wannan rana kam na yarda a ƙure lasifika.