A Rataya Wa Yaro Sunansa Ranar Bikin Argungu

Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa kamun kifi don ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, taron Matan Fada yake ta bunƙasa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Amma akwai wani ɗan al'amari da ba ya shiga jawaban manya, watau ɓatan yara. Da zarar an buga bindiga, masunta sun ruga ruwa da homa da gora, idon kowa ya koma kogi, sai hannun yaro ya suɓuce daga na yayarsa.

To, a ce wani bawan Allah ya tsince shi, ya tambayi sunansa. Zai ce Abba, ko Baba, ko Ummi in yarinya ce. Masu amsa waɗannan sunaye a filin nan ba su ƙirguwa, domin muna sakaya sunan wanda ya ci sunan kakansa, uwa kuma ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda alkunya. Sunan mahaifi fa? Yaro bai taɓa jin uwarsa ta ambace shi ba, Malam kawai ya sani. In kuwa daga Dosso ko Gaya ta ƙasar Nijar aka zo da shi, watakila Zabarmanci kaɗai yake ji.

A da aska ce take wannan aiki. Wanda ya ga zanen Kabawa a kuncin yaro ya san inda zai nufa da shi. Yanzu zane yana gushewa, har Dokar 'Yancin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana shi. Ba mu kukan wannan, amma lalle ba mu tanadi abin da zai maye gurbinsa ba.

Shawararmu ita ce a yi wa kowane ƙaramin yaro bajon suna. Ba abin kunya ba ne: mahajjata, dattawa da furfurarsu, da shaida a hannu suke yawo a Makka. Kada kuma a ba ɗan kwangila ya kawo mana roba daga Ikko. Dukawan da suka iya ɗinka gidan laya za su iya yanka fata a siffar giwan ruwa ko kwalekwale, da igiya mai saurin tsinkewa don kada ta shaƙe wuya. Inda fata ta yi tsada kwali ya isa. A bar yaro ya shafa launin da yake so, domin abin da ya ƙawata da hannunsa ba zai yar ba.

Wasu iyaye za su ce mugu zai karanta sunan, ya kira yaro kamar ya san shi. Gaskiyarsu. Saboda haka fuskar bajo ta ɗauki hoton kifi kawai. A bayansa a rubuta sunan yanka, da wanda ake kiransa da shi a gida, da gari da unguwa, da lambar wayar babba, cikin boko da ajami, tun da yake ba duk mai tsintuwa ya yi makarantar boko ba.

Aikin bai fi ƙarfin ɗalibai ba. Muna kira ga 'yan'uwanmu na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da mu da muke zuwa gida hutu, mu zaga makarantun firamare da na allo mako biyu kafin biki, sa'an nan ranar taro mu kafa teburi a tasha da kowace ƙofar shiga fili domin yaran baƙi.