Zauren Uwargida: Darasi Daga Rayuwar Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa

 Wannan wata za mu leƙa rayuwar wata baiwar Allah, Mai Shari'a Zainab Adamu Bulkachuwa, 'yar asalin Nafada ta jihar Gombe, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayyar Nijeriya.

An haife ta a 1950, lokacin da iyaye da yawa ke gudun kai 'ya mace boko. Ta karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta zama lauya a 1976. Ta yi aikin majistare, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun jihar Bauchi a 1987, sannan Babbar Jojin jihar Gombe a 1997. A 1998 aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda ake sake duba hukuncin manyan kotuna idan wani ya ga ba a yi masa adalci ba. Ta zama shugabar kotun a 2014, ta yi ritaya a 2020 tana da shekara 70.

To uwargida, ga inda nake so mu tsaya. A 2019 ita ce ke jagorantar alƙalan da za su saurari ƙarar zaɓen shugaban ƙasa. Sai masu ƙara suka ce maigidanta ya ci zaɓen sanata a jam'iyyar da suke ƙara. Kotun ta yi watsi da buƙatarsu, amma duk da haka ta janye da kanta. A 2023 kuma wata magana da maigidan ya yi a majalisa ta sa aka yi ta zargin ya taɓa sa baki a aikinta, abin da ita ta fito ta musanta.

Kin ga ke nan amanar aiki ba ta ma'aikaciya kaɗai ba ce, ta gida duka ce. Ke malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, idan dangin miji suka zo neman alfarmar da za ta danne haƙƙin wani, ba su haƙuri cikin ladabi, ki kuma fahimtar da maigida tun da wuri. Ranar hisabi ke za a tambaya.

Kada kuma mu cire 'ya'yanmu mata daga makaranta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.