Giginyar da ke gonarmu da takardar izinin sara



Akwai tambaya guda da ke yawan tasowa a cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci, tun daga Tanda har Yelu. Da an gama darasi, sai wani ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, gona tawa ce, gadon ubana ce. Giginyar da ke cikinta ni na tsare ta daga bakin awaki. Don me zan je neman takarda kafin in sare ta?" Tambaya ce ta mai hankali, ta kuma cancanci amsa a fili. Ga ra'ayinmu: takardar izini tana da amfani, kada a soke ta. Amma dole ta kasance kusa da manomi, kuɗinta sananne, sharuɗɗanta a rubuce cikin harshen da yake karantawa. In ba haka ba, takardar da aka yi don tsaron icce ita ce za ta kashe shi.

Bari mu koma baya kaɗan, don a san inda maganar ta samo asali. A shekarar 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Bayan mun samu ƴancin kai, a watan Maris na 1974, gwamnatin Nijar ta yi tata dokar. A ciki aka jera itatuwa iri 15 waɗanda ba a sara, ba a tumɓukewa, sai da izini. Cikinsu akwai giginya, goriba, gawo, kaɗanya, ɗorawa, kuka, tsamiya, maɗaci da aduwa. Niyyar mai kyau ce. Ƙasa tana cikin babban fari a lokacin, dabbobi sun mutu, daji yana ƙarewa.

To, amma ga abin da talaka ya gane daga dokar: duk iccen da ya girma, ko a tsakiyar gonarsa yake, na gwamnati ne. In ya datse reshe don shinge, tara. In wani ya shigo da dare ya sare, shi mai gona za a fara tambaya. Wani dattijo a ɗaya daga cikin cibiyoyinmu ya faɗa mana yadda suke yi a zamanin ƙuruciyarsa. Ya ce in suna noma suka ga ɗan icce ya tsiro, nan take suke sa masa hauya, tun bai yi girman da zai jawo musu magana ba. Dattijon ba maƙiyin icce ba ne. Tsoro ne ya koya masa haka. Ma'aikaci guda kuwa, ko da babur gare shi, ba ya iya tsare gonaki dubu. Mai gona ne kaɗai ke ganin iccen safe da yamma.

A nan Dallol Mawri da bakin kogin Isa abin ya fi ciwo, domin nan ne matattarar giginya mafi girma a Nijar. Azarar giginya gara ba ta cin ta da sauƙi, don haka ake neman ta har Yamai. Shekaru da yawa, mai kuɗi ne ke zuwa daga nesa da takardarsa a aljihu, ya sare giginya a gonar mutum, ya loda mota ya tafi. Mai gona yana tsaye yana kallo, an bar masa kututture da hatsin da aka tattake. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mu nan ba karin magana ba ne a gare mu, da idonmu muka gani.

Abin da ya sauya tunanin hukuma daga gonakin talakawa ya fito. Wajen 1983, a jahar Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututtukan da ake sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai. In an bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, aka rage sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama icce. Wannan shi ne ake kira sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 manoma da yawa suka ɗauka. Daga baya masu bincike suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Ba a gandun gwamnati aka dasa su ba, ba a kuma sa musu mai gadi ba. Mutane sun bar su sun girma ne tun ranar da suka fara yarda cewa su za su ci amfaninsu.

Mu ma a ƙasar Gaya mun ɗanɗana irin wannan. A cikin shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka fara danƙa kula da giginya a hannun kwamitocin ƙauyuka. Su ke tsaro, su ke nuna wadda ta isa sara, a sayar da azara a kasuwar ƙauye, a raba kuɗin tsakanin ƙauye da hukuma. Wanda ya san hanyar Bana da Bengu tun kafin lokacin, in ya bi ta daga baya, ya ga ƙananan giginyu sun cika gonaki inda da sai tsofaffi kaɗai.

Doka ma ta biyo baya. A 1993 aka yi dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye. A watan Yuni na 2004 aka sake dokar daji. Sannan ranar 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya rainar da icce a gonarsa shi ke da haƙƙin cin moriyarsa. Wannan babban ci gaba ne, ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shekarar a ka. Sai dai a lura, ba a soke jerin itatuwan da aka kiyaye ba. Mai son kayar da giginya ko gawo ko ɗorawa mai rai, har yanzu sai ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji, ya biya abin da doka ta yanka.

Wasu za su ce, tun da an yarda iccen namu ne, a bar mu mu yi yadda muka ga dama. Ba mu tare da su, ga kuwa dalilanmu.

Muna zaune ne a bakin iyaka biyu. Malanbil tana ƙetaren kogi, Kamba tana nan kusa. Azara ko katako in ya ƙetare, ba mai sake ganinsa. In babu takarda, da me za a bambanta mai icce da ɓarawon icce a kan hanya? Amalanke biyu ne ɗauke da azara iri ɗaya. Takarda ce kaɗai ke cewa wannan daga gonar wane ta fito, da yardarsa.

Bayan haka, gonaki nawa ne a cikinmu suke na mutum guda tak? Wata gado ce ba a raba ba. Wata aro ce, wata jingina. In ɗan'uwa guda ya matsu da kuɗin biki ya sayar da giginyu biyar, sauran magada sai su ji a bakin duniya. Rigingimu da yawa da ake kai wa gaban mai gari daga nan suke farawa. Neman izini yana sa a tsaya a yi tambaya kafin gatari ya sauka. Giginya kuwa ba gero ba ce da za a ce baɗi a sake. Tana shafe shekarunta na farko tana ganye a ƙasa, kafin ma ta ɗaga gangar jiki. Sau da yawa wanda ya raine ta, ɗansa ne ke yin rufi da azararta.

Akwai kuma rabon mata da yara, wanda ba a cika faɗa a dandali ba. Mai gida in ya sayar da ɗorawa, kuɗi sau ɗaya ne, cikin mako sun ƙare. Uwargida kuwa ta rasa kalwar daddawa kowace shekara har ƙarshen ranta. Haka kaɗanya da manta, haka kuka da miyarta, haka tsamiya a kunun mai jego. Waɗannan su ke riƙe jikin yara a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakanin shuka da kaka. Da mu za a bi, da ba a ba da izinin kayar da irin waɗannan itatuwa sai an ji bakin matan gidan.

Maganar giginya ba ta cika sai an taɓo muruci. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje da yawa, ba mu ce a bari ba. Amma kowane muruci da muka dafa giginya ce da ba ta tashi ba. In an kwashe ƴaƴan duka aka binne don muruci, me zai gaji tsofaffin? A bar wani kashi a gona ya tsiro.

Yanzu ga ƙorafinmu, muna kuma miƙa shi ga ma'aikatun magajin gari na gundumarmu da ladabi. Tun zaɓen 2004 aka kawo hukuma kusa da mu. A 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Ko wa ke kan kujera, aikin guda ne. Mun tambayi ɗalibai da yawa nawa ake biya don izinin giginya guda, kowa da amsarsa daban. Inda farashi ba sananne ba ne, nan ne cuta ke shiga. Wani ɗalibinmu ya taɓa ba da kuɗi a bakin gona ga mutumin da ya ce masa an aiko shi, bai karɓi ko guntun takarda ba. Bayan kwana biyu aka sake tambayarsa, ba shi da abin nunawa, ya sake biya.

Magani ba shi da tsada. A rubuta sunayen itatuwan da aka kiyaye da kuɗin izinin kowanne, da manyan baƙaƙe, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. A manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da ƙofar mai gari, da bakin kasuwa. A karanta a rediyo. Dokokin da muka ambata duk da Faransanci aka rubuta su, alhali wanda aka yi su dominsa Hausa ko Zabarmanci ya koya. A kuma sa rana, ko ranar kasuwa ce, da ma'aikaci zai zo ƙauye ya karɓi buƙatun mutane. Manomin da zai ɓata kwana biyu da kuɗin kabu-kabu don takardar icce guda, a tsakiyar damina, mun san abin da zai yi: zai jira dare. A bambanta kuma mai sassabe da mai ɓarna. Wanda ke rage rassa don iccensa ya miƙe, aikin da gwamnati ta yi kira a yi ne yake yi, ba mai laifi ba ne. Haka mutumin da giginya ta karkato kan ɗakinsa ga iskar farkon damina ta matso, bai kamata ya jira mako uku ba.

Mu ma akwai namu. Wanda ya samu hali, ya je wurin Kofo a rubuta masa shaidar gonarsa, ya nemi a ambaci manyan itatuwan da ke ciki. In za a ba da aro ko jingina, a rubuta a gaban shaidu wa ke da ƴaƴan icce, wa ke da ikon sara. In za a sara, a nemi izini tun kafin a kira mai gatari. Kada a ba kowa ko dala sai da rasiɗi. A duba abu huɗu a kansa: sunanka, ranar, yawan kuɗin, da hatimi. Wanda ya yi wata shida a cibiya yana iya karanta waɗannan da kansa.

Mun roƙi malaman cibiyoyi su keɓe darasi guda a wannan wata don haka. Duk mai tsohon rasiɗi ko takardar izini a cikin adaka, ya zo da ita aji, a kwafa a allo, a karanta tare layi bayan layi. Kowa kuma ya ƙirga itatuwan gonarsa, ya rubuta sunayensu da yawansu a shafin ƙarshe na littafinsa. In mun zo zagaye za mu duba.