Digirin Digirgir a Adabin Turanci: Ɗan Wa Muke Reno?

'Yan'uwa marubuta, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarurrukanmu, wadda idan ba a taka mata birki ba za ta zama aƙida. Wai duk yaron da ya nuna basirar rubutu, babban gatan da za a yi masa shi ne a tura shi ya karanta adabin Turanci har ya kai ga digirin digirgir, a kira shi Dakta, sannan ya cika marubuci. Ni malamin sakandare ne a Miga, difiloma ce iyakar takardata, saboda haka wanda zai ce hassada ce ta sa ni magana, ga fili ga mai doki.

Batun cewa takarda ke yin marubuci bai cancanci dogon musu ba. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Chinua Achebe da digirin farko kaɗai ya fitar da Things Fall Apart a 1958. Balaraba Ramat Yakubu tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. A bar wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake dawo mana da shi daga can. Mutum ya taso daga Jahun ko Kiyawa, ya shekara uku, wani ma ninkin haka, yana zarya tsakanin gida da Kano ko Zariya, ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta, iyali su yi ta haƙuri. Ka tambaye shi a kan me ya rubuta kundinsa, sai ka ji Achebe ne ko Soyinka ko Shakespeare, mutanen da an yi musu sharhi har takarda ta gaji. Su kuwa littattafan da matarsa da ƙannensa ke karantawa a cikin gida, sai ya yamutsa fuska ya ce ai adabin kasuwar Kano ne.

To, wa ya ɗauke su da daraja? Novian Whitsitt ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2000, a kan rubutun matan Hausa. Carmen McCain ta kammala nata a wannan jami'ar a 2014, a kan adabi da finafinan Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba, da Farfesa Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya mayar da shi Turanci, wani kamfani mai suna Blaft ne ya buga shi a birnin Chennai na Indiya a 2012. Daga Kano har Indiya! Allah ya saka wa Farfesa, ya nuna cewa malamin Turanci na iya yi wa gidansu aiki. Amma irinsa nawa ne? Mun zama hankaka, mai da ɗan wani naka.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce Sashen Turanci na abin da aka rubuta da Turanci ne, mai son Hausa ya nufi Sashen Harsunan Nijeriya. Wannan hujja ba ta da ƙafa. A sassan Turancin nan ake karantar da Sophocles, alhali da Girkanci ya yi rubutu. Wasiƙar nan ta Mariama Ba da ɗalibai suka sani da So Long a Letter da Faransanci ta fito. Devil on the Cross da harshen Gikuyu Ngugi ya rubuta shi yana kurkuku. Fagunwa da Yarabanci ya yi nasa, Soyinka ya fassara shi a 1968, aka buɗe masa ƙofa. Ashe dai fassara ce mabuɗin, kuma ba wanda ya fi dacewa ya riƙe shi kamar Bahaushen da ya sha Hausa a nono, ya kuma ƙare ƙuruciyarsa a kan Turanci.

A wannan shekarar ta 1968 Ngugi da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka rubuta takarda suna neman a rushe Sashen Turanci baki ɗaya, a sa adabin Afirka a tsakiya. Ni ban kai can ba. Ɗalibaina na bukatar Turanci don cin jarrabawa, kuma na yi murna da Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar NLNG a 2016 da littafin Turanci mai ɗauke da rayuwar Arewa.

Buƙatata ƙarama ce. Yanzu muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, ba sauran uzurin nisa. Shugabannin ƙungiyar nan su rubuta wa sassan Turanci na waɗannan jami'o'i da na Bayero, su nemi a riƙa karɓar fassarar littafin Hausa tare da cikakken nazari a matsayin aikin babban digiri. Duk mamban da ya zo neman addu'armu zai tafi digirin digirgir kuwa, kafin a shafa fatiha a tambaye shi littafin wa zai ɗauka daga cikinmu.