Filin Mata: Tabarau Ba Iyayi Ba Ne

  Yau mako uku ke nan da na fara sa tabarau, watau madubin ido, kuma tun daga ran nan ban huta da tambaya ba. Wata ta ce, "Malama, ke da ƙuruciyarki?" Wata ta ce in cire shi tun bai cinye mini ido ba. Wata kuwa, 'yar zamani, ta ce me ya kai ni ɗaukar kaya a hanci, alhali ga na mannawa cikin ido, ga kuma aikin leza. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarin tun daga tushe, ko wata ta ƙaru.

Tun ina kwalejin horon malamai idona ba ya cin nesa, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum ni ce a bencin gaba, in na kasa karanta allo sai in kwafa daga littafin ta kusa da ni. Abin da ya tona asirina shi ne ran da Gwaggona ta ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, na wuce ban gaishe ta ba. Kafin in isa gida ƙara ta riga ni wurin Inna, wai boko ta sa mini girman kai. Na yi ta rantsuwa ban gan ta ba. Inna ta ce, "To, in dai Gwaggonki duk girmanta ba ki gan ta ba, lalle sai asibiti."

A asibitin aka zaunar da ni mita 6 daga wani allo mai baƙaƙe, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Aka rufe mini ido ɗaya, na karanta na can sama, daga nan na tsaya cik. Sa'an nan aka ɗora mini wani ƙarfe a hanci, ana sa gilashi ana cirewa, ana tambayata, "Wannan ko wannan?" har ƙananan baƙaƙen suka fito sarai. Aka rubuta mini lamba, -2.50 a dama, -2.25 a hagu.

Ma'aikaciyar ta yi mini bayani. Haske ya kan shiga ido ya taru a wani bango da ke can baya, a nan a ke gani. To, idon waɗansunmu ya ɗan fi tsawo daga gaba zuwa baya, sai hasken ya taru tun bai kai bangon ba, abin da ke nesa ya zama dishi-dishi. Gilashi mai alamar ɗebewa shi ke mai da hasken wurin da ya dace. Mai alamar tarawa kuwa yawanci na waɗanda suka wuce shekara 40 ne, da zare ya fara ƙin shiga musu allura. Irinsa ne galibi a ke shanyawa a tire a kasuwa, don haka kada ku saya wa yarinyar da ba ta ganin allo, ba abin da zai ƙara mata sai ciwon kai.

Masu cewa tabarau iyayin 'yan boko ne su sani ba yau aka fara ba. Malam Ibn Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya yi bayani da gwaji cewa haske ne ke shiga ido a gani. Tabarau kuwa an fara yinsa a Italiya wajen 1290, watau ya ba shekara 700 baya.

Ba zan ruɗe ku ba, kwanakin farko da wuya. Ran da na karɓo shi, ina fitowa sai na ga ƙasa kamar ta yi nisa da ƙafata, na ɗaga ƙafa zan taka dakali ashe ban kai ba. In na waiga da sauri sai bango ya yi kamar zai bi ni. Da yamma ga jiri, ga ciwon kai, ga bayan kunne na zafi. Na buɗe tukunyar tuwo, tururi ya rufe gilashin ruf, ƙannena suka yi ta dariya. Amma da gari ya waye na ɗaga kai na dubi dalbejiyar ƙofar gidanmu, sai na ga ganyenta ɗai-ɗai. Wallahi shekara da shekaru a zatona daga ƙasa ba mai ganin ganye, sai dai kore kawai.

Ga abin da na koya, ga duk wadda za ta fara. Ki sa shi tun da safe, ido bai gaji ba, ki bar shi har dare. In kina sawa kina cirewa, ko kina komawa ga tsoho, ba za ki saba da wuri ba. In za ki duba gefe ki juya kanki gaba ɗaya, kada ki yi ta satar kallo ta bakin gilashi. In ya matse ki ko yana zamewa, ki mayar a daidaita miki, kada ki lanƙwasa da hannu. Ki wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ki goge da ƙyalle mai taushi, ban da bakin zane mai ƙura, gama shi ke karce gilashi. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu jirin ya kan wuce. Nawa ya kwana biyar. In ya zarce mako biyu, to, kada ki ce haƙuri, ki koma a sake awo, don a kan yi kuskure wajen lamba ko wajen yankan gilashi.

Batun wai tabarau na cinye ido kuwa, ba gaskiya ba ne. Wadda ta saba gani tangaran, in ta cire sai ta lura da duhun da ta daɗe a ciki ba ta sani ba. Ga yara kuma, ido na ƙara tsawo muddin jiki na girma, lamba ta kan hau har wajen shekara 20, ko an sa tabarau ko ba a sa ba. Shi ya sa ya kamata a riƙa kai su awo shekara-shekara.

Yanzu sai na mannawa, wanda 'yan mata ke ce wa kwantak. Wani ɗan faifai ne mai laushi, siriri kamar fatar albasa, a kan ɗora shi bisa baƙin ido da ɗan yatsa. Wani masani mutumin Cekoslobakiya, Otto Wichterle, shi ya ƙago hanyar yin irin mai laushin a 1961. Ba shakka yana da daɗi: ba tururi, ba zamewa, ba mai sanin kin sa. Na yi sha'awarsa ƙwarai, sai da na ji sharuɗɗansa jikina ya yi sanyi.

Ba a taɓa shi sai an wanke hannu da sabulu an tsane. Ba a kwana da shi. Ba ya haɗuwa da ruwa ko kaɗan, na famfo ne, na rijiya ne, ko na leda, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke zama cikin ruwa, in ta maƙale ƙarƙashinsa ta kan ci fatar nan mai haske da ke rufe da baƙin ido, ga ta da wuyar magani. Yana da ruwan wankinsa na musamman da a ke saya. Kowanne da wa'adinsa, wani yini ɗaya, wani mako biyu, wani wata guda, in ya cika a yar. Na dubi zamana: ga alwala sau biyar, ga ƙurar alli, ga hayaƙin murhu, ga hunturu na tafe. Ga kwalli, wanda mu kan ja a cikin fatar ido, daidai inda mai kwantak ba ta so kome ya taɓa. Sa'an nan ko ta saya dole ta ajiye tabarau don ranar da ido ya yi ja.

A nan zan ja kunnen amare. Yanzu an shiga yayin kwantak mai launi, wata ta zama mai idon mage ranar kamu. Shi ma sai an auna ido kafin a sa, ko da na ado ne kawai. Kada ki yarda mai kwalliya ta ciro daga jakarta wanda ta sa wa wata amarya ta sa miki. Garin neman gira kada a rasa ido. In kin sa kika ji zafi, ko ido ya yi ja, ko haske na kashe miki ido, ki cire nan take ki tafi asibiti ran nan.

Aikin leza kuwa, wani haske ne mai ƙarfi da a ke fefe fatar gaban ido da shi kaɗan, a sake mata fasali, ta riƙa yin aikin tabarau da kanta. An fara yinsa a idon mai gani a Amurka a 1988, irin wanda ya fi yaɗuwa kuma, mai suna LASIK, hukumar ƙasar ta amince da shi a 1999. A kan ɗiga maganin kashe zafi, aikin ba ya wuce rabin sa'a, kuma yawancin waɗanda aka yi wa su kan ajiye tabarau. Amma ba kowa a ke yi wa ba. Sai wadda ta kai shekara 18, kuma lambarta ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, domin a lokacin lambar ido ta kan motsa. Sai an auna kaurin fatar, in siririya ce a haƙura. Waɗansu su kan yi fama da bushewar ido wata da watanni, waɗansu su riƙa ganin zobe kewaye da fitila da dare. Abin da aka fefe ba ya komawa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma in shekara 40 ta wuce, tabarau na karatu yana nan yana jira.

Ni dai lambata mako uku ke gare ta, ba wanda ya san ko ta tsaya. Na yanke shawara in zauna da tabarauna, in shekara ta zagayo a sake awo, sa'an nan in sake tunani. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma ba don kaina na yi wannan dogon bayani ba. A ajina akwai wata yarinya a bencin baya, tana maimaita aji, kowa ya sallama daƙiƙiya ce, har babanta na batun cire ta. Da na sami gani sai na lura tana ƙanƙance ido irin yadda na ke yi da. Na rubuta baƙaƙe a allo, ta kasa karantawa. Na matso da ita gaba, ta karanta su tsaf. Na je na sami uwarta, ta ce, "Malama, wa zai auri mai tabarau?" Na ce, "Yaya, wanda zai ƙi ta don tabarau ai ba abin so ba ne. Yanzu kuwa ba aure ke gabanta ba, allo ne." Ta ce za ta yi wa maigidan magana. Har yau ina jira, kuma ina fata a karanta masa wannan shafi.

Don Allah iyaye mata, ku lura da 'ya'yanku. In yarinya na kai littafi ko waya bakin hanci, ko tana matsawa jikin talabijin, ko ta dawo makaranta kullum da ciwon kai, kada ku fara da faɗa. Ku rataye kalanda a tsakar gida, ku ja ta baya, ku rufe mata ido ɗaya ta karanta, sa'an nan ɗayan, ku gwada da na 'yan'uwanta. In da bambanci ku kai ta awo. A Kano akwai asibitin ido na ECWA tun 1943, a Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, manyan asibitocin gwamnati kuma da yawa suna da sashen ido. Ku bar yara su yi wasa a sarari kamar sa'a biyu kullum, gama an gano hasken waje na rage kamuwa da wannan matsala.

Ku kuwa 'yan makaranta, wadda ba ta ganin allo ta faɗa wa malama gobe da safe. Dariyar 'yan aji kwana uku ce. Ni na ɓoye nawa shekaru, ban ci ribar kome ba sai fushin Gwaggo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wasalam.