Kada a yanki tikiti kafin igama ta fito

Wasu gidajen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su rasa ɗan'uwa a Saudiyya: wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina, wani direba ko tela a Jidda. Idan aka yi rasuwa ko aka sa ranar biki, sai a tsananta masa waya cewa lallai ya zo, alhali igamarsa ta ƙare, kafilinsa bai kammala sabunta ta ba.

Ra'ayina shi ne wannan matsin ba zumunci ba ne, cutarwa ce. Hukumar Jawazat ba ta ba mazaunin ƙasar bizar fita da dawowa sai igamarsa na da rai. Cewa "ana kan sabuntawa" ba ta wuce shingen filin jirgi. Abin da manhajar Absher ta nuna ake dubawa. Jinkirin sabuntawar ma yana da tara: Riyal 500 karon farko, 1,000 karo na biyu.

Wanda ya yi gaggawa zai iya asarar kuɗin tikiti. Wanda ya nemi ɓarauniyar hanya kuwa, yana wasa ne da aikin da ke ciyar da gida guda, ko karatun shekaru.

Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Addu'ar da aka yi wa mamaci daga Madina tana isa gare shi. Iyaye su yi haƙuri, 'ya'yansu su jira takarda ta fito. Allah Ya sa mu dace.