Faifan CD Ba Ma'ajiyar Dindindin Ba Ce

A gidaje da dama na Unguwar Rimi, hotunan aure da na suna na nan ajiye cikin faifan CD. Ya kamata ɗalibai su sani cewa faifan da ake naɗa wa hotuna yana ɗauke da siririn rini, wanda zafin rana da laimar damina ke lalatawa. A 2001 ma, masana a Sifen sun gano fumfunar da ta ci wani faifai daga ƙasar Belize. Idan faifai ya ƙi buɗewa, a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, a gwada wata kwamfutar, a kwafe abin da ya rage. A ganina, wajibi ne malamai su koyar da wannan tun kafin tarihin iyalai ya salwanta.